Léon Lapeyssonnie: Likitan sojan da ya shata yankin sanƙarau, Jibiya da Maraɗi suka faɗo a tsakiya

Tsakanin Kusa da ke bakin iyakar Jibiya da garin Ɗan Isa na Jamhuriyar Nijar akwai shingen kwastan, da na jami'an shige da fice, da na jandarmomi. Kuɗi ma sai an canza, naira a nan, sefa a can. Amma a taswirar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke aiki da ita kan cutar sanƙarau, babu wannan iyakar. Jibiya da Katsina da Madarumfa da Maraɗi duk ƙasa ɗaya ce, cikin wani dogon zirin ƙasa da ya ratsa Afirka daga Senegal zuwa Habasha, wanda a yau ya taɓa ƙasashe 26.

Wanda ya fara shata wannan zirin a rubuce shi ne Léon Lapeyssonnie (ana furta sunan kamar Lapesoni), likitan sojan Faransa da ya rasu a 2001. A littattafan likitanci na Faransanci har gobe da sunansa ake kiran yankin. A ƙasar Hausa kuwa, inda aikin nasa ya fi taɓa rayuwar mutane, da wuya ka samu wanda ya taɓa jin sunan.

Labarinsa ya dace da wata tambaya da ke damun masu binciken lafiya a wannan zamani: me ya sa ake tabbatar da ingancin magani a gwaji, amma ya yi shekara da shekaru bai isa hannun majinyaci ba? Wani ƙiyasi da aka yi a Amurka a shekarar 2000 ya ce akan ɗauki kimanin shekara 17 kafin sakamakon bincike ya zama aikin yau da kullum a asibiti, wannan ma wani kaso ne kawai na binciken. Yanzu har fanni guda aka buɗe a jami'o'i don nazarin wannan giɓi, kuma darasin farko da ake koyarwa a fannin shi ne kada a yi gwaji kara zube. A fara da nazariyya, wato bayanin da zai ce ga inda matsalar take, ga dalilinta, ga kuma abin da ya kamata a auna. Lapeyssonnie ya yi aiki a haka tun fannin bai samu suna ba.

Daga ciwon barci ya fara

An haife shi a birnin Montpellier na kudancin Faransa a watan Oktoban 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya yi karatun likita a makarantar likitocin soja ta Lyon, sannan ya wuce Pharo da ke Marseille, makarantar da Faransa ke horar da likitocin da za ta tura ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka. A farkon shekarun 1940, ana Yaƙin Duniya na Biyu, aka turo shi Afirka ta Yamma, yankin da yau ake kira Burkina Faso, cikin ma'aikatan yaƙi da ciwon barci, cutar nan da ƙudan tsando ke yaɗawa.

Wannan aikin ne ya gina masa tunani, don haka yana da kyau a ɗan tsaya a kansa. Tsarin da ya tarar na wani likita ne da ya gabace shi, Eugène Jamot, wanda ya yi suna a Kamaru ya kuma rasu a 1937. Jamot ya lura cewa a ƙasar da likita ɗaya ke da dubun dubatar mutane a wuyansa, zaman jiran majinyaci a asibiti ɓata lokaci ne, domin wanda ya fi buƙatar magani shi ne wanda ba zai iya zuwa ba. Sai ya kafa ayarin ma'aikata masu bin ƙauyuka. Ana tara mutanen gari, a duba kowa, a latsa wuya a nemi kaluluwa, a duba jini a madubin likita a ƙarƙashin bishiya. An koya wa 'yan ƙasa aiki ɗaya-ɗaya har suka gwanance, an kuma tsayar da magani iri ɗaya da ma'auni ɗaya wanda malamin asibiti zai iya bayarwa ba sai likita na tsaye a kansa ba.

Tsarin ya rage ciwon barci ƙwarai. Amma da ƙarfin mulki aka yi shi. Ba a tambayar yardar kowa, wanda ya ƙi fitowa taro yana iya gamuwa da fushin hukuma, kuma a yankin Bafia na Kamaru ɗaruruwan mutane sun makance a ƙarshen shekarun 1920 saboda an zarce ma'aunin maganin da ake ba su. Lapeyssonnie ya ɗauki Jamot a matsayin gwarzonsa har ƙarshen rayuwarsa. Abin da ya gada daga gare shi shi ne tambayar da ya riƙa yi wa kowane magani: wa zai ba da shi, a ina, da wane kayan aiki?

Bayan Afirka ya yi aiki a Biyetnam, ya koyar a makarantar likita ta Pondicherry a Indiya, daga baya ya koma Pharo ya zama farfesa. Daga can aka sake aiko shi Afirka, wannan karon Nijar.

Allura ɗaya

Nijar ta samu 'yancin kai a watan Agustan 1960, ba a jima ba kuma annobar sanƙarau ta auka mata. A 1961 Lapeyssonnie ya zo da tawagar likitoci daga Faransa.

Cutar ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Tun 1905 likitocin Turawan Ingila suka rubuta labarin babbar annobarta a Arewacin Najeriya, kuma a bazarar 1949 da ta 1950 an ƙirga sama da mutum 90,000 da suka kamu a Najeriya kawai. Magani ma akwai shi. Tun ƙarshen shekarun 1930 aka san magungunan salfa suna kashe ƙwayar cutar, an kuma ga amfaninsu a Sudan da sauran wurare. Matsalar ita ce yadda ake shan su: sau da yawa a rana, na kwanaki a jere. Mai sanƙarau kuwa yakan zo yana amai, ko yana fizge-fizge, ko a sume, wuya ya sanƙare. Ɗakin shan magani mai malami ɗaya zai iya wayar gari da majinyata hamsin kwance a ƙarƙashin rumfar zana. Wa zai bi su kowane bayan awa huɗu, dare da rana?

A nan tarbiyyar Jamot ta yi aiki. Lapeyssonnie da abokan aikinsa ba su tsaya neman maganin da ya fi kowane ƙarfi ba. Sun nemi wanda ya fi daɗewa a jini, suka gwada wani nau'in salfa da ake yin allurarsa sau ɗaya tak, suka kuma wallafa sakamakon a wannan shekarar. Malamin asibiti ya tsira allura ɗaya, ya wuce kan na gaba. Ko da dangi sun ɗauke majinyacinsu sun koma ƙauye da daddare, kamar yadda aka saba, maganin na jikinsa.

A ido abin kamar ƙarami ne. Amma ya sauya tambayar da masu bincike suka riƙa yi har tsawon shekara arba'in. Daga lokacin, duk wanda zai gwada maganin sanƙarau a wannan yanki, ma'aunin da zai fuskanta shi ne ko allura ɗaya ko biyu za su wadatar a ƙauyen da babu wuta, babu ƙarin ruwa, babu likita.

Taswirar 1963

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora masa aikin bin diddigin cutar a ƙasashen yankin. Ya tattara alƙaluman da gwamnatocin mulkin mallaka na Faransa da Ingila suka bari, kowace ƙasa da nata kundin, babu wanda ya taɓa haɗa su wuri ɗaya ya dube su a matsayin labari guda. A 1963 mujallar hukumar ta fitar da rahoton nasa a wani bugu na musamman mai shafi sama da 100.

Abin da ya nuna shi ne cewa sanƙarau na wannan yanki yana da hali nasa daban da na Turai. Manyan annobobi suna faɗowa ne a cikin wani ziri da ruwan sama ya shata: daga arewa, inda ruwan shekara ya kai kimanin milimita 300, zuwa kudu, inda ya kai kimanin 1,100. Sama da haka hamada ce, mutane sun yi ƙaranci. Ƙasa da haka kurmi ne mai laima. Cutar tana tasowa a tsakiyar rani, ta yi ƙamari a bazara, ta lafa da zarar damina ta sauka, wani lokaci kuma ta dawo a rani mai zuwa. Bayan wasu shekaru na sauƙi sai babbar guguwa ta sake tasowa.

Duk tsohuwar da ke Jibiya ko Tasawa ta san sanƙarau ciwon zafi ne, ba sai Bature ya gaya mata ba. Sabon abin shi ne mayar da wannan sanin ya zama layi a taswira da lamba a takarda, abin da ma'aikatar lafiya za ta iya tsara kasafi a kai. Idan an san wurin, an san watan, to ana iya kai magani ɗakunan shan magani tun a Disamba, a horar da ma'aikata kafin hunturu ya wuce, a kuma san inda za a kai sabuwar allura a gwada ta.

Taswirar ta kuma haifar da tambayoyi, wanda shi ne babban amfanin nazariyya. Me ya sa rani? A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Brian Greenwood da Hilton Whittle da Sadiq Wali da abokan aikinsu sun shafe shekarun 1970 suna bin wannan tambaya, musamman a annobar da ta auka wa Zariya a 1977. Sun gano cewa ƙwayar cutar ba ta ɓacewa da damina. Tana nan a maƙogwaron mutane masu lafiya, tana yawo daga wannan zuwa wancan duk shekara. Abin da rani ke sauyawa shi ne yawan waɗanda take samun hanyar shiga jininsu, kuma bayanin da suka fi karkata gare shi shi ne bushewar iska da ƙurar hunturu suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro. Wannan binciken ya yi tasiri daga baya, domin ya nuna cewa rigakafin da bai kori ƙwayar daga maƙogwaro ba, ba zai taɓa katse yaɗuwarta ba.

Allurar da zafi ya lalata

Murnar salfa ba ta daɗe ba. Kafin ƙarshen shekarun 1960 ƙwayar cutar ta fara bijire wa maganin. Lapeyssonnie ya ga inda aka dosa, sai ya koma neman rigakafi. Manyan kamfanonin magani ba su ga riba a cutar talakawan Sahel ba. Wanda ya saurare shi shi ne Charles Mérieux, mai kamfanin haɗa alluran rigakafi a Lyon, kuma abotarsu ta ɗore.

Gwajin farko da aka yi a Yako ta ƙasar Burkina Faso ta yanzu a 1967 bai ba da amsa ba. Sai wani masani a Amurka, Emil Gotschlich, ya gano hanyar tace sinadarin sukarin da ke lulluɓe ƙwayar cutar a yi rigakafi da shi, kamfanin Mérieux kuma ya ɗauki hanyar don nau'in A, wanda shi ne ke addabar Afirka a lokacin. A farkon shekarun 1970 aka kawo sabuwar allurar Arewacin Najeriya aka gwada. Ba ta yi aiki ba. Da aka bincika, sai aka ɗora laifin a kan zafi: sinadarin ya lalace kafin ya shiga jikin yaran.

Da wani ne, da ya ce allurar ba ta da amfani, a rufe babin. Amma bayanin da ake da shi a hannu ya nuna inda za a duba. Aka gyara yadda ake haɗa ta da yadda ake adana ta cikin sanyi, aka sake gwadawa a kan 'yan makaranta a Masar, sannan a Sudan a 1973, inda sunan Lapeyssonnie ke cikin waɗanda suka wallafa sakamakon. Wannan karon ta kare waɗanda aka yi wa.

Abin mamaki, ba Afirka ce ta fara cin gajiyar ba. A 1974 annoba ta ɓarke a Brazil, gwamnatin ƙasar ta nemi Mérieux, kamfanin ya gina sabuwar masana'anta cikin 'yan watanni, kuma a 1975 aka yi wa sama da mutum miliyan 80 allurar, kimanin miliyan 10 daga ciki a birnin Sao Paulo cikin kwana biyar. Brazil na da kuɗin saye. Ƙasashen da aka ƙirƙiri allurar dominsu, aka kuma gwada ta a jikin 'ya'yansu, ba su da shi.

A ɓangaren magani kuwa, tunanin allura ɗaya ya ci gaba da wani maganin daban. Likitocin Faransa sun gwada chloramphenicol da aka kwaɓa da mai don ya daɗe a jiki, kuma a 1979 Sadiq Wali da tawagar Zariya suka wallafa gwajin da ya nuna allura ɗaya ta wannan maganin tana yin abin da allurai na kwanaki ke yi. Shi ne ya zama maganin annoba a yankin har tsawon shekaru fiye da ashirin. A 2003, a asibitocin yankunan Damagaram da Maraɗi, ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiyar Nijar suka gwada allura ɗaya ta ceftriaxone a kan sama da majinyata 500, suka ga ba ta gaza tsohon maganin ba.

1996

Duk da haka, shekara 33 bayan taswirar, yankin ya ga annobar da ba a taɓa ƙirga irinta ba. A 1996 Najeriya ta rubuta mutum 109,580 da suka kamu, 11,717 suka rasu, kamar yadda rahoton Farfesa Idris Mohammed da abokan aikinsa ya nuna. A faɗin Afirka, tsakanin 1996 da 1997, waɗanda suka kamu sun haura 250,000, mamata kimanin 25,000. Kano da Katsina da Bauci da Sakkwato duk sun ɗanɗana.

An san wurin. An san lokacin. Akwai magani mai allura ɗaya, akwai rigakafi mai shekara sama da ashirin. To me ya hana?

Wani ɓangare na amsar yana jikin allurar kanta. Ba ta kare ƙananan yara sosai, kariyarta kan dushe bayan shekara biyu zuwa uku, kuma ba ta korar ƙwayar daga maƙogwaro. Saboda haka tsarin da aka bi shi ne a jira annoba ta fara, sannan a ruga da allura. An ma tsayar da lamba: idan waɗanda suka kamu a gunduma suka kai 15 cikin kowane mutum 100,000 a mako, annoba ta tabbata. A takarda tsarin ba shi da aibu. A ƙasa kuwa, sai malamin ɗakin shan magani ya cike fom, fom ya kai ƙaramar hukuma, ya kai jiha, ya kai tarayya, a nemi allura daga waje, a fito da ita daga filin jirgi, a samo mota da ƙanƙara. Kafin nan makonni sun shuɗe, wani lokaci har hadari ya fara haɗuwa. Bahaushe ya riga ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

A wannan annobar ce kuma kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200 a Kano, 11 daga cikinsu suka rasu, shari'ar da ta biyo baya ta kai 2009 kafin a sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Tabon da abin ya bari ya shiga cikin dalilan da mutane suka riƙa kawowa lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003. Nan ne gadon Jamot ya nuna gurguntakarsa. Tsarin da Lapeyssonnie ya taso a ciki ya ƙware wajen lissafin mota da sirinji da ma'aikata, amma yardar jama'a ba ta cikin lissafin, domin a zamanin mulkin mallaka ba a buƙatar ta. Masu nazarin aiwatar da bincike na yanzu suna sanya amincewar mutane da ra'ayin shugabanninsu a sahun gaba na abubuwan da ake aunawa, kuma Kano na cikin wuraren da suka koya wa duniya wannan darasi da tsada.

Lapeyssonnie, wanda ya yi ritaya da muƙamin janar na likitocin soja, ya shafe ƙarshen rayuwarsa yana rubutu. Ya rubuta tarihin rayuwarsa a 1982, ya rubuta littafi a kan Jamot, sannan a 1988 ya fitar da wani a kan aikin likitancin zamanin mulkin mallaka, inda ya tsaya tsayin daka yana kare shi. Mai karatu a Maraɗi ko Katsina yana da damar karɓar taswirar ya ajiye wannan kariyar a gefe. Ya rasu a Paris a watan Afrilun 2001, yana da shekara 85.

Bayan rasuwarsa

A shekarar da ya rasu aka kafa shirin samar da sabuwar allura, haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH, da tallafin dala miliyan 70 daga gidauniyar Bill da Melinda Gates. Yadda aka faro aikin zai yi wa tsohon daɗi. Kafin a shiga ɗakin gwaji sai da aka tambayi jami'an lafiyar ƙasashen yankin nawa za su iya biya, amsar kuma ita ce ƙasa da rabin dala kowace allura. A kan wannan farashin aka nemi mai haɗawa, aka samu kamfanin Serum Institute na Indiya. Allurar, MenAfriVac, tana kare yara ƙanana, tana daɗewa, tana kuma korar ƙwayar daga maƙogwaro, wato ta toshe ramin da binciken Zariya ya nuna.

An ƙaddamar da ita a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010. A ƙarshen 2011 ta iso Najeriya, Katsina na cikin jihohin farko, ana yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. Taswirar 1963, da faɗaɗawar da aka yi mata daga baya, ita ce ta nuna jihohin da za a fara da su. An kuma koma kan tsohuwar matsalar zafi: a 2012 aka amince allurar ta yi har kwana huɗu ba firji a zafin da bai wuce digiri 40 ba, aka fara aiki da hakan a Banikoara ta Jamhuriyar Benin. Nau'in A, mai annobar 1996, ya kusan ɓacewa daga yankin.

Sai dai zirin bai ɓace ba. A 2013 da 2014 wani sabon nau'in C ya ɓulla a Sakkwato da Kebbi, a 2015 ya kama sama da mutum 8,000 a Nijar, a ranin 2016 zuwa 2017 kuma ya kama sama da 14,000 a Najeriya ya kashe fiye da 1,100, mafi yawa a Zamfara da Sakkwato da Katsina. A lokacin ne gwamnan Zamfara Abdul'aziz Yari ya danganta annobar da zunuban jama'a, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya fito ya ƙalubalance shi. Allurar nau'in C ta yi ƙaranci a duniya, wadda aka samu ma ta iso a makare. Shi kansa tsarin allura ɗaya an jingine shi: tun 2014 hukumar ta koma ba da shawarar ceftriaxone na kwana biyar a lokacin annoba, saboda yanzu ba nau'i ɗaya ne ke kawo cutar ba, ta kuma sauke lambar tabbatar annoba zuwa 10 cikin 100,000 a mako, ta gargaɗi kuma zuwa 3.

A wannan bazarar ta 2017, a gundumar Madarumfa, wadda ta yi iyaka da Jibiya, masu bincike na MSF da ma'aikatar lafiyar Nijar suka yi wani gwaji irin na Lapeyssonnie sak. Tambayarsu ita ce, tunda allura ba ta isowa da wuri, me za a iya yi a kwana ukun farko da abin da ke hannu? Tsarin Turai shi ne a ba mutanen gidan majinyaci maganin kariya. Amma idan ƙwayar tana yawo a maƙogwaron gari gaba ɗaya, a masallaci da kasuwa da bakin rijiya, to gida ɗaya ya yi kaɗan. Aka raba ƙauyuka 49 gida uku. A kashi na farko aka ci gaba da yadda aka saba. A na biyu aka ba 'yan gidan majinyaci ƙwayar ciprofloxacin sau ɗaya. A na uku aka ba duk mutanen ƙauyen cikin awa 72 da samun rahoton mutum na farko.

Ba wa 'yan gida kawai bai sauya komai a zo a gani ba. A ƙauyukan da aka ba kowa, masu kamuwa sun ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Sai dai binciken ya tono wani abin da ba shi aka je nema ba: tun kafin a raba ko ƙwaya ɗaya, fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka duba suna ɗauke da ƙwayoyin cuta a hanjinsu da suka riga suka bijire wa ciprofloxacin. Wanda ya san yadda ake sayar da irin wannan magani a kemis da tiren 'yan talla a kasuwannin bakin iyaka, ba zai yi mamaki sosai ba.

A watan Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da Men5CV, allurar da ta haɗa nau'i biyar, A da C da W da Y da X. An fara da Jigawa da Bauci da Yobe, a lokacin da annoba ta riga ta kashe sama da mutum 150 a ƙasar a wannan ranin, Nijar kuma ta bi baya 'yan makonni kaɗan a tsakani.